Miron Mai Tuta da Kyamarar Kotu

A ƙauyenmu Dubrava, can gindin duwatsun yammacin Ukraine, idan ka ce Miron kawai sai a tambaye ka wanne, amma kana cewa Miron mai tuta, ko ɗan yaye zai nuna maka gidan. Tun yana saurayi aka ba shi gadin shingen jirgi, inda titin mota ya ratsa layin dogo a ƙasan ƙauye. A ɗan ɗakin katakon nan mai shuɗin fenti gashin kansa ya yi fari, daga baya ya zube ƙarƙaf. Aikin a ido ba wani abu ba ne. Ƙararrawa ta kaɗa, ka sauke sanda ka tare motoci da kekunan doki, ka fito bakin layi ka tsaya ƙyam, tuta ruwan ɗorawa a naɗe a hannunka, ka riƙe ta daidai ƙirji har taragon ƙarshe ya wuce. Naɗaɗɗiyar tutar nan magana ce tsakanin mai gadi da direban jirgi, ma'anarta hanya lafiya, wuce abinka.

To amma wa yake kallon mai tuta? Direba ya ɗan saci kallo in ya ga dama, fasinjoji kuwa suna can suna ɓare dafaffen ƙwai. Sauran masu gadi, in ƙanƙara ta sauko, ta taga suke zuro tutar suna zaune kusa da murhu. Ban da Miron. Ko sanyi na tsaga dutse sai ya ɓalle maɓallan kwat ɗinsa har wuya ya fito.

"Tsoho, wai don Allah wa ya gan ka?" in ji matarsa Hafiya, ranar da ya dawo kunnuwansa sun ƙandare.

"Ba don a gan ni nake tsayawa ba, tsohuwa. Jirgi ne ke wucewa."

'Ya'yansu biyu. Babbar, Orisya, ta tafi Italiya aikin jinyar wata tsohuwa. Ƙaramin, Zenko, shi ne ɗan lelen uban. Yana yaro ya taɓa sace ɗankwalin uwarsa ruwan ɗorawa ya naɗe a tsinken icce, ya riƙa tsayawa kusa da Miron a bakin layi, ya turo ƙirji, su ɗaga tare su sauke tare. Hafiya ta yi faɗan ɗankwalinta har ta gaji ta bar masa. Da aka kawo fitilu masu kunna kansu aka garƙame ɗakin katakon, Miron ya yi ritaya. Tutar kaɗai ya taho da ita gida, ya soke ta bayan hoton waliyyi a kusurwar ɗaki.

Zenko ya girma ya zama direban ƙaramar motar fasinja tsakanin garuruwan gangare. Wata rana da kaka ya iso wata mahaɗar jirgi da ba ta da sanda, jar fitila na walƙiya, shi kuma ya makara. Ya duba, ya ga kamar zai sha. Bai sha ba. Jirgin ya ɗebi bayan motar, mutum biyu suka rasu, wata budurwa malamar makaranta da wani dattijo mai sayar da zuma. Shi Zenko ko ƙashi bai karye ba.

A ƙofar kantin ƙauye labarin ya sami Miron, da burodi a hammatarsa. A gaban kowa ya ce, "Ni ba ni da ɗa mai tsallake jar wuta." Ya juya ya tafi gida. Mu kuwa a Dubrava, maganar da aka yi a ƙofar kanti ba ta kwana a wuri ɗaya. Kafin mako ya zagayo ta isa kunnen Zenko a inda ake tsare da shi a babban birni.

Hafiya ce ta riƙa zarya ita kaɗai, mota biyu zuwa, mota biyu dawowa, ga saniya na jiran tatsa, ga hawan jini. Da sanyi ya shigo, ƙafafunta suka ce sun gaji. Sai Orisya ta bugo ta ce, ai shari'ar Zenko ta yi suna, kotu ta yarda a sa kyamara, duk mai intanet zai iya kallo kai tsaye. Ta nuna wa uwar inda za ta danna a babbar wayar da ta aiko musu.

Wannan waya Miron ya san ta. Duk Lahadi bayan coci da ita suke gaisawa da Orisya, su gan ta, ta gan su, tana ta faman, "Baba, ka ja baya mana, hancinka kawai nake gani." Wani lokaci ta haɗo ƙanwar Hafiya da ke Poland, fuskoki su jeru a ƙananan akwatuna. Iyakar saninsa ke nan, wanda ka gani a waya shi ma yana ganinka. Wa zai ce masa ba haka ba ne?

Ranar zaman farko Hafiya ta jingina wayar da tulun kokwamba a teburin kicin. Miron ya ce shi ba abin da zai kalla, ya fita faskare. Can sai ga shi wai ya shigo shan ruwa, ya tsaya daga bakin ƙofa da moɗa a hannu. Daidai nan wata murya a wayar ta ce, "A tashi, kotu na shigowa!" Kafin ya ankara ƙafafunsa sun haɗe, bayansa ya miƙe. Ya dubi jikinsa, tsohuwar riga duk ɓawon icce, kunya ta rufe shi. Ya faɗa ɗaki da sauri, ya fito sanye da kwat ɗinsa na aiki mai maɓallan tagulla.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Duk ranar zama sai ya aske gemu tun da safe, ya goge takalmi, ya sa Hafiya ta kau da tukunyar miyar borsh daga inda za a hango ta, ya kori kyanwa waje. A tashi, ya tashi. A zauna, shi ba ya zama, don a ganinsa uban wanda ake tuhuma ba shi da ta cewa balle kujera. Hafiya in ta yi tari sai ya harare ta. Ita kuwa ta san gaskiya, Orisya ta gaya mata tun farko, amma ta ja bakinta ta yi gum. Tsoronta kar ya ji ba a ganinsa ya koma faskarensa.

Abin da wayar ke nunawa bai taka kara ya karya ba. Kyamarar na can baya a kusurwa, ba ta motsi. Ana ganin ƙeyar mutane, da mai shari'a can nesa, mace ce mai tabarau a kan hanci, sai akwatin gilashi a gefe inda ake zaunar da wanda ake tuhuma. Zenko na ciki, an aske masa kai, ya rame, idonsa kullum a ƙasa. A gefen hoton kuma, a benci na gaba, akwai wata mata mai baƙin ɗankwali, uwar malamar da ta rasu. Rabin fuskarta kawai ake gani, sai hannunta da ke murza hankici. Ita Miron ya fi jin nauyi. Ya ɗauka akwai wani allo a bangon kotun da ke jera fuskokin masu kallo, kuma ta gan shi, ta san ko shi wane ne.

Abin da ya fi cinsa shi ne yaron ya ƙi ɗago kai. Zama bayan zama, ko sau ɗaya. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsayawa ba tare da ya damu a gan shi ba, yau ga shi yana neman kallo ɗaya tak ya rasa. A ransa yakan ce, maganar na riga na faɗe ta, ba ta haɗiyuwa, amma ai ga ni na zo, me kuma yake so in yi? Yakan cire kwat ɗin bayan an tashi, ya rataye shi a hankali, ya ce wa Hafiya, "Har yanzu fushi yake da ni." Ita sai ta juya wajen murhu.

Ba su kaɗai ke kallo ba, kada ku ɗauka. Rabin ƙauyen na kallo, a kanti ma mai kanti ta jingina tata wayar da sikeli. Ni dai har yau ban yanke wa kyamarar nan hukunci ba. Ba don ita ba, da tsofaffi biyu a gindin dutse ba su san abin da ake yi da ɗansu ba, kuma an ce alƙali in ya san ana kallonsa yakan gyara zama. Wannan gaskiya ne. Amma na ga mutane da idona suna tauna 'ya'yan furen rana suna tofar da ɓawo, alhali a cikin wayar, uwar malamar ce ke ba da labarin yadda ta gano 'yarta ta takalmi. A ƙasan hoton kuma wasu da ba su da suna ba su da fuska suna ta rubuta zagi, wannan ya ce a rataye Zenko, wancan ya yi wa mai shari'a tsiya a kan tabarau. Kai, ɗan Adam!

Shugaban 'yan kallon nan shi ne Panas, kum ɗin Miron, wato wanda ya riƙe Zenko a coci ranar baftisma. Zumuncin kum a wurinmu ya kusa fin na jini. Ba mugu ba ne Panas, bakinsa ne ba linzami. Tun da ya gano akwai kotu a waya ya bar kallon ƙwallo, shari'ar kowa kallo yake, har ya iya faɗin hukunci kafin alƙali ya buɗe baki.

Ana saura zama ɗaya a gama, Panas ya faɗo gidan ba sallama, da guntun tsiran alade a hannu. Ya tarar da Miron a tsaye ƙyam gaban tulun kokwamba, maɓallai na ƙyalli. Ya tsaya, ya dubi wayar, ya dubi mutumin.

"Kum, lafiya? Wani babba ne zai wuce ta kicin ɗin?"

"Shhh! Kotu na zaune," in ji Miron ta gefen baki. "Cire hularka."

"In cire hula? Wa zan cire wa, kokwamba?"

Panas ya tuntsire da dariya. Ya matso gaban wayar, ya miƙa wa mai shari'a tsiran har kusa da tabarau. "Ranki ya daɗe, bismillah, na gida ne, da tafarnuwa." Miron ya cafko wuyan rigarsa ya fizgo shi baya.

"Ka haukace ne? A gaban uwar yarinyar? A gaban yaron?"

Sai a nan dariyar Panas ta tsaya. Ya dubi fuskar amininsa ya gane ba wasa ake ba. Ya sassauta murya. "Kum, tsaya. Kai duk watannin nan ka ɗauka suna ganinka? Ba sa ganin kowa, Miron. Ba irin kiran Orisya ba ne. Kamar talabijin ne, kai ka gan su, su ba su san kana duniya ba. Ga shi nan a ƙasa, lamba ce kawai ta yawan masu kallo. Da kai da ni da mai kanti, duk a cikin lambar nan muke."

Miron ya saki rigar. Ya juya wajen matarsa. "Tsohuwa, haka ne?"

Hafiya ta share hannu a zanin aikinta, hawaye sun riga sun zubo. "Haka ne."

"Kin sani?"

"Na sani. Da na faɗa maka, da ka daina zuwa." Ta ja majina. "Kuma ni na gaya masa, a zuwana na ƙarshe na ce masa babanka yana nan yana damuwa da kai. Ka san abin da ya ce? Ya ce, Mama, kar ki yi min ƙarya don ki faranta min, na san Baba."

Miron ya laluba bayansa ya jawo kujera ya zauna, karo na farko da ya zauna kotu na zaune. Ashe yaron ba fushi yake ba. Ashe bai ɗago kai ba ne don ba shi da wanda zai duba. Duk askin nan, duk gugar takalmin nan, daga shi da Hafiya sai kyanwar da ya kora waje suka sani. Abin da Zenko ya riƙe daga ubansa har yau maganar ƙofar kanti ce, kuma da ita za a wuce da shi kurkuku. Panas ya cire hularsa a lokacin da ba wanda ya ce ya cire.

Ranar zaman ƙarshe Miron ya shiga jirgin safe. Hafiya ta cusa masa burodi da kitsen alade a aljihu, ta yi masa alamar gicciye, ba ta tambayi abin da ya tokare masa cikin kwat ba. Jirgin ya bi ta tsohon shingensa. Ya leƙa ta taga, ɗakin katakon na nan, fentin ya ɓanɓare, fitilu na ta walƙiyarsu, ba kowa a bakin layi. Bai taɓa ganin wurin daga cikin jirgi ba, ashe ƙiftawar ido ne ka wuce shi.

A ƙofar kotu mai gadi ya lalube shi ya zaro tutar. "Baba, sanda ba ta shiga. Ka karɓa in ka fito." Miron bai yi musu ba, shi ma ya yi gadi, ya san doka. Ɗakin shari'ar ya ba shi mamaki, ƙarami ne ƙwarai, ga warin jiƙaƙƙun riguna. Ya sami wuri a bencin baya. Kusa da kafaɗarsa ga kyamarar a kan ƙafafu uku, 'yar mitsitsiya, ba ta fi kwalin ashana biyu ba. Ya bi bangaye da kallo ɗaya bayan ɗaya. Agogo, tutar ƙasa, shi ke nan, ba wani allo.

Aka shigo da Zenko, kansa a sunkuye kamar kullum. Lauyoyi suka gama nasu. Sannan mai shari'a ta ce an ba wanda ake tuhuma kalmarsa ta ƙarshe. A kotunanmu wannan haƙƙi ne, mutum ya faɗi abin da ke ransa kafin hukunci, ba a yi masa tambaya. Zenko ya miƙe a cikin gilashin. Ya nemi gafarar uwar malamar da 'ya'yan mai zuma, muryarsa na karyewa. Ya ce ba ya roƙon sassauci. Har an ɗauka ya gama, sai ya ci gaba.

"Mahaifina mai gadin shingen jirgi ne," ya ce, idonsa a ƙasa. "Abu ɗaya ya koya min tun ban iya ɗaura takalmi ba, in ka ga ja, ka tsaya. Ban tsaya ba. Ya ce ba shi da ɗa, kuma yana da gaskiya. Na san ba ya nan, na san ba ya kallo. In akwai wani ɗan ƙauyenmu da ke kallo, ya gaya masa ban ga laifinsa ba."

Kowa na zaune. Miron ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, benci ya motsa, mutane suka waiwayo. Ma'aikacin kotu ya matso yana raɗa, "Dattijo, zauna." Bai zauna ba. Mai shari'a ta dube shi ta saman tabarau.

"Wancan da ke tsaye a baya, wane ne kai?"

Ya san kyamarar na kafaɗarsa. Ya san wayar mai kanti na jingine da sikeli, da waɗanda suka ji maganarsa ranar nan a ƙofar kanti, da waɗanda suka kai ta gaba, duk suna kallo. Ya ga matar nan mai baƙin ɗankwali ta juyo, yau ya ga fuskarta gaba ɗaya. Ya sunkuyar mata da kai tukuna, sannan ya ɗago.

"Ranki ya daɗe, ni ne ubansa."

Zenko ya ɗago kai. Miron ba shi da izinin ƙara ko kalma ɗaya, kuma ko da an ba shi bai san me zai ce ba. Sai ya haɗe ƙafafu, ya dunƙule hannun dama, ya ɗaga shi daidai ƙirji, hannu ba komai a ciki. A ɗakin nan kaf mutum ɗaya ne ya san ma'anar wannan. A hankali Zenko shi ma ya dunƙule hannu ya ɗaga daidai ƙirji, ya jingina goshi da gilashin yana kuka.

"To, uba, mun ji ka. Zauna," in ji mai shari'a, ba da faɗa ba.

Bayan azahar aka karanta hukunci, kowa a tsaye kamar yadda aka saba. Shekaru ne masu yawa, kuma ba wanda ya ce an yi zalunci, har Miron. Daga baya Hafiya ta ce ita sanƙonsa kawai ta gani a ƙasan hoton, da kafaɗar kwat ɗin, amma muryar ta fito tar, har a kanti an ji, kuma wai masu tauna sun dakata da tauna. Panas ya rantse shi ma a tsaye ya ji hukuncin, amma Panas ne, sai a rage.

Miron ya karɓi tutarsa wajen mai gadi, ya tambayi ta ina ake fitar da fursunoni, aka nuna masa ƙofar baya. Ya je ya tsaya a bakin titi cikin ƙanƙarar da ta fara narkewa, ya ɓalle maɓallinsa na wuya. An daɗe kafin ƙofar ƙarfen ta buɗe, wata mota ruwan toka ta fito. Ya ɗaga naɗaɗɗiyar tutar daidai ƙirji. Motar ba ta da taga ko ɗaya a baya, ya gani sarai. Amma yau na cikinta ba sai ya leƙo ba, ya san ubansa na waje a tsaye. Miron bai sauke hannu ba har ta sha kwana.